"Saman jiki" ko "ƙasan jiki": wa ake karewa in an ɓoye raunin ɗan wasan hoki?

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma masu son karantawa a natse.

Yau zan kai ku wani waje mai sanyi. Na san da yawanku za su ce, yo mu ina ruwanmu da wasan hoki na ƙanƙara, mu da ko filinsa ba mu taɓa gani ba? Ku ɗan yi haƙuri da ni. Ni ma ban taɓa saka takalmin sulun ƙanƙara ba, a waya nake kallonsu. Amma akwai wata al'ada a babbar gasar hoki ta duniya, wato NHL ta Amurka da Kanada, wadda tun da na fara karanta labarinta take damuna. Magana ce ta jikin ma'aikaci, da kuma wanda ke da ikon faɗin halin da jikin yake ciki.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum shida-shida ne a fili har da mai tsaron raga, suna gudu a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa, kowa da sanda, suna bin wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri. An yarda ka banke abokin hamayya da kafaɗa ka haɗa shi da katangar filin. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, 25 a Amurka, 7 a Kanada. In an gama kakar wasa sai a shiga wasannin neman kofin Stanley, zagaye huɗu, kuma a kowane zagaye ƙungiya biyu ne za su yi ta karawa da juna har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

To, ku da kuke kallon Firimiya, kun saba in ɗan wasa ya ji ciwo koci zai fito ya ce tsokar cinya ce, ko gwiwa ce, zai yi sati uku. A NHL ba haka ake yi ba. Abin da za ka ji kawai shi ne: "rauni a saman jiki" ko "rauni a ƙasan jiki". Shi ke nan. Saman jiki na iya zama ɗan yatsa, na iya zama haƙarƙari, na iya zama wuya, na iya zama ƙwaƙwalwa. Duk a buhu ɗaya. Ana danganta yaɗuwar wannan salon magana ga Pat Quinn, wanda ya horar da Toronto Maple Leafs tun daga ƙarshen shekarun 1990. A 2008 kuma manajojin ƙungiyoyin suka mayar da shi ƙa'ida: ƙungiya za ta faɗi cewa ɗan wasa ba zai buga ba saboda rauni, an hana ta yin ƙarya, amma ba dole ba ne ta faɗi inda ciwon yake ko irinsa.

Bari in ba ku labarin da ya fara jawo hankalina. A 2013, wasan ƙarshe na kofin Stanley, Boston Bruins da Chicago Blackhawks. A wasa na biyar, ɗan wasan Boston Patrice Bergeron ya fita daga fili, aka wuce da shi asibiti a motar ɗaukar marasa lafiya. 'Yan jarida suka tambayi kocinsa, Claude Julien, me ya faru. Ko saman jiki da ƙasan jikin ma bai faɗa ba, cewa ya yi rauni ne a jiki. Bayan kwana biyu Bergeron ya fito ya buga wasa na shida. Boston ta sha kashi, Chicago ta ɗauki kofi. Sai bayan an tashi aka ji gaskiya: yana da karyayyen haƙarƙari, guringuntsin haƙarƙarinsa ya yage, a cikin wasan kafaɗarsa ta goce, sannan da aka koma asibiti aka tarar huhunsa ya huje. Kwanaki ya yi a kwance.

Kuma fa ba shi kaɗai ba ne. Duk shekara, ranar da aka fitar da ƙungiya daga gasar, sai ka ji ana lissafo raunuka kamar ana karanta lefe. A 2017 Joe Thornton na San Jose ya buga da jijiyoyi biyu na gwiwarsa a tsinke. A 2023 Matthew Tkachuk na Florida Panthers ya karya ƙashin ƙirjinsa a wasa na uku na zagayen ƙarshe, ya fito ya buga na huɗu a haka. In ka koma baya ma, a 1964 Bobby Baun na Toronto ya ci ƙwallon nasara da karyayyar ƙafa, kuma har gobe ana ba yara labarinsa a Kanada. Ana tafa musu, ana kiransu jarumai. Ni ma wallahi da na fara jin labarin Bergeron, abin da na ce shi ne, kai, wannan namiji ne. Sai daga baya na tambayi kaina: wa ya sa hannu ya ce mutum mai karyayyen haƙarƙari ya shiga filin da ake banke mutane da katanga? Kuma da a ce duniya ta san halin da yake ciki kafin wasan, da wanda ya sa hannun zai yi saurin sa wa?

Yanzu bari in yi wa masu ɓoyewar adalci, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa: in ka faɗi cewa wuyan hannun wane na hagu ne ke ciwo, to ka nuna wa abokan hamayya inda za su sara da sanda. Kun tuna na ce ƙungiya biyu za su iya haɗuwa sau bakwai a cikin sati biyu? Ka yi tunanin mutanen da suka san inda gyambonka yake, kuma za ku gwabza da su jibi da gata. Tarihi ma ya goyi bayan wannan tsoron. A 1972, a jerin wasanni takwas tsakanin Kanada da Tarayyar Sobiyet, Bobby Clarke na Kanada ya sari idon sawun gwarzon Sobiyet Valeri Kharlamov da sanda da gangan a wasa na shida, ya ji masa mummunan rauni. Saboda haka 'yan wasa da yawa su da kansu ba sa son a faɗa. Hujja ta biyu ita ce sirrin lafiya. Ɗan wasa mutum ne, takardar asibitinsa tasa ce. Ni ma ba zan so wurin aikina ya manna sakamakon gwajin jinina a allon sanarwa ba.

Na yarda da duka biyun. Amma ku lura da wani abu. A yau kowane wasa ana ɗaukarsa da kyamarori ta ko'ina, kowace ƙungiya tana da ma'aikatan da aikinsu kawai kallon bidiyon abokan hamayya. In faifan nan ya daki ƙafar mutum ya fita yana ɗingishi, ƙungiyar da ke gabansa ta riga ta gani, ta maimaita a hankali sau goma. Galibi abokin hamayya ya sani. Waɗanda aka bari a duhu su ne 'yan kallo, 'yan jarida, da duk wani na waje da zai iya tambayar ƙungiya: don me kuka bar shi ya buga? Ni a nan ne nake ganin sirrin ya fi yi wa ƙungiya amfani fiye da ɗan wasan.

Ku ɗauki maganar kai. In yatsa ne ya karye, ɓoyewar ba ta dame ni sosai ba. Amma buguwar ƙwaƙwalwa wani abu ne daban, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari. Ranar 1 ga Janairun 2011, Sidney Crosby na Pittsburgh Penguins, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a duniya, ya sha bugu a kai a wasa da Washington. Ya ƙarasa wasan. Ranar 5 ga wata ya sake fitowa a karawa da Tampa Bay, aka sake haɗa kansa da katanga. Daga nan bai sake bugawa ba a wannan kakar, sai a watan Nuwamba ya dawo, kuma bai jima ba ciwon ya sake kwantar da shi na wasu watanni. In har haka za ta faru da tauraron gasar gaba ɗaya, wanda idon kowa ke kansa, to yaya yaron da ke fafutukar riƙe gurbinsa, wanda ya san in ya ce kansa na juyawa akwai wani a benci yana jiran rigarsa?

Gaskiya ne gasar ta kawo tsarin duba buguwar kai, har da masu sa ido da ke da ikon sa a fitar da ɗan wasa a duba shi. Wannan ci gaba ne. Amma har yanzu ƙungiya za ta iya kiran ciwon ƙwaƙwalwa "saman jiki" ta yi shiru, ba ta karya wata doka ba. Kuma ku tuna cewa tsofaffin 'yan wasa sun kai NHL kotu suna zargin ba a gaya musu haɗarin bugun kai ba. A Nuwamban 2018 aka sasanta a kan kusan dala miliyan 19 ga mutum sama da 300, kowa ya tashi da kimanin dala 22,000, kuma gasar ba ta amsa laifi ba. Shugabanta, Gary Bettman, ya daɗe yana cewa ba a tabbatar da alaƙa tsakanin bugun kai a hoki da cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE ba. To wanda ake ƙara a kan abu, shi ne kuma ke riƙe da bayanan abin. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan tsarin ba.

Akwai sunan da ba na mantawa: Derek Boogaard. Ƙato ne, aikinsa a fili dambe, don a hoki akwai 'yan wasan da ake ɗauka musamman saboda faɗa. Ya rasu a watan Mayun 2011 yana da shekara 28, kusan sa'ana ke nan a yau, sanadiyyar haɗuwar barasa da ƙwayar kashe zafin ciwo. Da masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa, suka sami cutar CTE. Mahaifinsa ne ya bi diddigi ya tattara takardun da suka nuna irin yawan ƙwayoyin da likitocin ƙungiyoyi daban-daban suka riƙa rubuta masa. Abin da nake so ku gane shi ne, mai karyayyen ƙashi ba ya shiga fili da ƙarfin zuciya kawai, akwai allura da ƙwaya a bayan labarin. In an ɓoye raunin, an ɓoye har da abin da aka ɗura wa mutum don ya iya tsayawa.

Sai maganar wa ke da iko da jikin. A 2021 Jack Eichel, kyaftin ɗin Buffalo Sabres, ya sami matsala a faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuyansa. Shi yana son a yi masa tiyatar saka faifan roba, wadda ba a taɓa yi wa wani ɗan wasan NHL ba a lokacin. Ƙungiyar ta ce a'a, ita ta fi son a haɗe ƙasusuwan. Kuma bisa yarjejeniyar da ke tsakanin gasar da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, maganar ƙungiya ce ta ƙarshe. Aka yi watanni ana ja, aka karɓe masa kyaftin, sai a Nuwamba aka yi musayarsa ya koma Vegas Golden Knights, su kuma suka bar shi ya yi tiyatar da yake so. A 2023 ya ɗaga kofin Stanley da su. Ba ina cewa likitocin Buffalo mugaye ba ne, tsoronsu na sabuwar tiyata yana da tushe. Amma wuyan na Eichel ne. Kuma abin da ya taimake shi shi ne maganar ta fito fili, duniya ta ji, matsin lamba ya yi yawa. Da a ce "saman jiki" kawai aka yi ta faɗa, wa zai san ana wannan rigimar?

Yanzu kuɗi. NHL tana da iyakar albashi, wato adadin da ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta, don kada masu kuɗi su kwashe taurari duka. In ɗan wasa ya yi doguwar jinya, ana ba ƙungiyarsa damar wuce iyakar don ta ɗauko madadinsa. A da kuma, iyakar ba ta aiki a wasannin neman kofi. Sai ga Nikita Kucherov na Tampa Bay Lightning: an yi masa tiyata a kwatangwalo, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2020 zuwa 2021, ranar farko ta wasannin kofi ya dawo garau, ya fi kowa maki, suka ɗauki kofin da tawagar da albashinta ya zarce iyaka da kusan dala miliyan 18. Gasar ta ce ba a karya doka ba, kuma tiyatar ta gaske ce. Amma tun da babu mai ganin bayanan sai su, magoya bayan sauran ƙungiyoyi suka ce biri ya yi kama da mutum. Zargin ya yi ta maimaituwa a kan wasu ƙungiyoyin har sai da aka amince a sabuwar yarjejeniyar 2025 cewa iyakar albashi za ta riƙa aiki a wasannin kofi. Kun ga illar rufa-rufa ke nan, ko mai gaskiya sai an zarge shi.

Na ƙarshe ita ce caca, kuma zan yi maganar a hankali. A Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni. A Oktoban shekarar NHL ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin MGM Resorts. Kanada ma ta halatta caca a kan wasa guda a 2021. Daga nan masu caca suka fara ihu cewa a faɗa musu raunuka kamar yadda ake yi a NFL, gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, inda dole ƙungiya ta fitar da rahoto a cikin mako, ta faɗi gaɓar da ke ciwo da yiwuwar ɗan wasa ya buga, in ta ɓoye a ci ta tara. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ita ma NFL ba tausayin 'yan wasa ne ya sa ta fara ba. A 1947 ta kawo tsarin, bayan badaƙalar caca da ta taso a wasan ƙarshe na 1946.

Ni ba na caca, kuma na ga abin da ta yi wa samarin da muka yi makaranta tare. Ba zan taɓa neman a tona jikin mutum don wani ya san inda zai zuba kuɗi ba. Amma akwai darasi a ciki: duk bayanin da mutum goma suka sani miliyoyi ba su sani ba, ya zama hajar sayarwa. A 2024 gasar ƙwallon kwando ta NBA ta kori Jontay Porter har abada, kuma cikin laifukansa akwai bai wa masu caca bayanin lafiyarsa na sirri. Gasar da ke karɓar kuɗin kamfanonin caca kuma tana ɓoye raunuka, ta ajiye fetur kusa da murhu.

To me nake nema? Ba wai a buga hoton ƙashin kowa a intanet ba. Abu uku ne. Na ɗaya, ciwon kai a kira shi da sunansa. Ko da za a ci gaba da ɓoye yatsa da gwiwa a lokacin wasannin kofi, buguwar ƙwaƙwalwa ta fita daga buhun "saman jiki", don kowa ya ƙirga kwanakin da aka ba mutum kafin a mayar da shi fili. Na biyu, wanda zai ce ɗan wasa ya warke ya zama likitan da ba ƙungiyar ce ke biyansa ba, kuma maganar ƙarshe a kan tiyata ta zama ta mai jikin. Likitan ƙungiya na iya zama mutumin kirki, amma wanda ke biyansa yana son cin wasan jibi. Na uku, a ƙarshen kowace kaka a fitar da cikakkun alƙaluma ba tare da sunaye ba: mutum nawa suka bugu a kai a kowace ƙungiya, kwana nawa suka yi, nawa ne ciwon ya dawo musu. Wannan bai tona asirin kowa ba, bai nuna wa abokin hamayya inda zai sara ba, amma zai nuna ƙungiyar da ke wasa da lafiyar yaranta.

Akwai wani abokina a jami'a, ɗan baya ne a ƙungiyar tsangayarmu. Ana gobe wasan ƙarshe gwiwarsa ta kumbura, mai horar da su ya ce ya ɗaure kada ya gaya wa kowa. Ya ɗaure, ya buga, muka ci kofi, muka ɗauke shi a kafaɗa. Ni ina cikin masu ɗaukar tasa. Yau in zai zauna a sallah sai ya miƙe ƙafar. Kofin kuwa ban ma san inda yake ba. Duk lokacin da na karanta "saman jiki" ko "ƙasan jiki", shi nake tunawa, kuma ina tuna cewa tafin da muka yi masa yana cikin abin da ya sa ya yi shiru.

Saboda haka in kun ga an ce wani ɗan wasa ya buga da karaya, ku yaba masa in kuna so, amma ku haɗa da tambaya: wa ya sani, wa ya amince, kuma wa zai biya kuɗin asibiti bayan shekara ashirin?

Ina son jin ra'ayinku. Da kai ne ɗan wasan, ko ke ce, za ku so a faɗi raunin ko a ɓoye? Ku rubuto, zan karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, mu kuma ya ƙara mana. Sai mun sake haɗuwa.